Ɗangoggo na Apo, Mai Jin Mota da Tafin Ƙafa

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, in ka biyo layin masu gyaran ƙafar mota a Apo, za ka tarar da wani dattijo siriri yana yayyafa ruwa a gaban rumfarsa. In ya gama sai ya jawo benci ya ajiye inda inuwar darbejiya za ta faɗo da hantsi, ya buɗe akwatin ƙarfe ya jera sufanu a kan buhu daga ƙarama zuwa babba, ya kunna 'yar rediyonsa. Daga nan ya taka wurin Madam Catherine mai abinci ya karɓo kunun gyaɗa a kofin silba. Ba ya taɓa mota kafin ya sha kunun nan, ko da mai ita ya zo da jiniya. Wannan shi ne Malam Badaruddeen, amma kada ka wahalar da kanka da sunan, don ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta gane wa kake nufi. Ɗangoggo kowa ya sani, sunan da ya taho da shi daga Zariya, inda ƙanwar mahaifinsa ta raine shi.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar ya koma gonarsa a Karshi, bayan shekara arba'in da ɗaya yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Ba ƙarfi ne ya ƙare masa ba. Ciwon suga ne ya sa tafin ƙafarsa ya daina ji, shi kuwa da tafin ƙafa yake aiki. In ka kawo masa mota mai rawa ko mai jijjiga, ba ya fara buɗe bonet. Takalminsa zai cire ya ajiye a gindin benci, ya shiga kujerar baya, ya shimfiɗa ƙafafunsa a ƙasan motar, ya ce mu je. Kuna tafe yana tambaya: a hannu kake jin rawar ko a mazaunai? A wane gudu take farawa? In ka taka birki ƙaruwa take yi ko raguwa? Ya gaya mini cewa tunda ƙafar ta yi shiru, abin da ya rage masa shi ne cinta, shi kuma ba zai zauna yana cinta da motar da ke ɗaukar 'ya'yan mutane ba.

Madam Catherine ta fi kowa sanin aikinsa, don rumfarta na kallon tasa tun lokacin da aka kwaso makanikai daga cikin gari aka zube su a Apo, wurin duk ciyawa ne da jar ƙasa. Ita ta ba ni labarin Alhaji Nasrullahi, wani Bakano mai shagon atamfa, wanda motarsa ta dinga karkarwa da zarar ya hau babban titi. Ya canza taya huɗu, ya sa an yi wa motar hayaƙi, har ya fara zargin wani maƙwabcinsa na kasuwa. Ɗangoggo ya zaga da shi sau ɗaya, ya dawo ya ari bokitin wanke-wankenta, ya wanke busasshiyar lakar da ta maƙale a cikin ƙarfen tayar gaba tun wata tafiya ƙauye da damina. Shi ke nan gyaran. Ta ce Alhajin ya tafi yana ƙunƙuni, don ya so a ce masa abin ya fi haka girma.

Ni ma shaida ne, sai dai tawa shaidar ba ta yi mini kyau ba, shi ya sa na daɗe ban rubuta ta ba.

A shekarar 2007 ne. Wanda bai ga Abuja a lokacin ba, ba zai gane irin zumuɗin da muke ciki ba. Soja ya koma bariki, wayar salula ta shigo aljihun kowa, duk inda ka waiga gini ake yi, tifofi na ta zirga-zirga da yashi. Mu ma'aikatan gwamnati da muka tsufa a cikin motocin Kwatano, waɗanda wani Bature ya gama cin ƙuruciyarsu kafin su iso mu, sai ga shi muna maganar sabuwar mota dal. Ina zaune a Kurudu a lokacin, bayan gidana gonar masara ce, kuma kaf layinmu ba wanda ya taɓa shigo da mota a leda. Na ƙudurta ni zan fara.

Direbana Zacharias ne, mutumin Fankshin. Tun yana direban ma'aikatarmu yake tuƙa ni, da aka sallami direbobin gwamnati na riƙe shi, shekararmu goma sha huɗu tare. Shi ya kai matata asibiti haihuwar 'yarmu ta fari. Shi na tura Legas ya karɓo motar daga hannun dillali. Ranar da zai karɓa na kira dillalin a waya, na ja masa kunne da babbar murya: kada a cire komai. Ledar kujeru, takardun jikin gilashi, rubutun alli, ko tsinke kada a taɓa. Yadda ta sauko daga jirgin ruwa haka nake son ta shigo Kurudu. Dillalin ya fara cewa akwai abin da yaransa suka saba yi kafin miƙa mota, na katse shi, don na san halin gareji, a wurin dubawa ake yi wa mota ƙwange. Wannan ɗabi'a tamu ce, mu da ke barin leda a kujera har ta yage don kanta, don kada wani ya ɗauka tsohuwa muka sayo.

Kwana ɗaya ya kamata Zacharias ya yi a hanya, sai ya yi biyu. Ya iso ranar Alhamis da la'asar, ya fito yana dafe da ƙugu. Maƙwabta suka taru, aka yi addu'a, yara suka shafa jikin motar, ni kuma ina nuna wa mutane wani jan kati da ke rataye a madubi, da rubutun ƙasar waje a jiki, shaidar cewa daga kamfani take. Zacharias ya matso kusa da ni ya ce, "Oga, mota nan yana da tauri. Na sha wahala a hanya." Na ce sabuwar mota ce, bai saba ba.

Washegari muka tafi ofis, kafin mu kai Karu na gane abin da yake nufi. Kowane ɗan tsakuwa sai na ji shi a ƙashin bayana, rami kuwa sai kaina ya taɓa rufi. Da muka hau babban titi ya ƙara wuta, sitiyari ya kama rawa a hannunsa. Tsohuwar motata da na raina ta fi ta daɗin zama nesa ba kusa ba. Na kai ta gareji biyu a cikin gari. Na farko suka ce shokozoba ne, ƙarfen nan da ke shanye dukan rami, a canza. Na biyu suka jona mata kwamfuta, kwamfuta ta ce lafiyarta ƙalau.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. A majalisarmu ta ƙofar gida aka fara cewa ai an san direbobi, a hanyar Legas akwai wuraren da ake kwance sababbin kaya a ɗaura tsofaffi kafin mutum ya gama cin abinci. Wani ya ce to kwana na biyun nan a ina ya yi shi? Na kwana uku ina juya maganar, ina kallon motar da na yi shekaru ina mafarki, raina yana ƙara ɓaci. Ranar Lahadi da yamma Zacharias ya zo daga coci da kwat ɗinsa don ya ji tsarin tafiyar Litinin, na tare shi a gaban mutane goma sha wani abu. Na ce ya faɗi inda ya sayar da kayan motata. Ya ce a Lokoja ya kwana, don bayansa ya riƙe, kuma bai iya gudu da motar ba. Na ce ya ba ni makulli. Ya ciro ya miƙo da hannu biyu.

A garin nan direban da aka kora a kan sata ya gama riƙe sitiyarin kowa, don masu motoci sun san juna, labari kuma ya fi mota gudu. 'Ya'yansa huɗu suna makaranta. Matarsa Helen tana sayar da doya a kasuwar Kurudu, kafin Laraba maganar ta isa rumfarta.

Da wannan zuciyar na nufi Apo wurin Ɗangoggo, wanda wani abokin aiki ya yi mini kwatancensa. Ba gyara na je nema ba, shaida na je nema, wadda zan kai wa 'yan sanda. Na tarar da shi a kan bencinsa, na zayyana masa komai, har da kwanan Lokoja. Ya saurare ni har na gaji, ko kallon motar bai yi ba.

"Alhaji, ina direban?"

"Na sallame shi. Ai shi ne ɓarawon."

"Kai kilomita nawa ka yi a cikinta?"

Na ce daga Kurudu zuwa ofis, sau uku ko huɗu.

"Shi kuma daga Legas. To ya fi ka saninta. Ni ba na duba mota sai da wanda ya fi daɗewa a cikinta. Ka zo da shi gobe."

Na ce ni mataimakin darakta ne, ba ni da lokacin zarya. Ya ce Allah ya ƙara girma, ga garejoji nan birjik, in zaɓi wanda na ga dama. Ya ƙara muryar rediyonsa. Na ji haushin mutumin nan ranar, ba kaɗan ba.

Amma washegari na je gidan Zacharias na ɗauko shi. Ni na tuƙa, yana gefena, har Apo. Ɗangoggo ya gaishe shi da hannu biyu kamar wani babban baƙo, ya tambaye shi iyali, sannan ya karɓi makulli daga hannuna ya ba shi. Ya cire takalmi ya shiga baya, ledar kujera tana ƙara a ƙarƙashinsa, ni kuma aka bar mini gaba.

"Malam Zakariya, bi da ni ta kan ramukan can, a hankali."

Muka bi, motar tana dukan mu.

"Haka take tun daga Legas, ko a hanya ta fara?"

"Tun daga get na dila, Baba. Tauri kam tun farko. Amma rawa na sitiyari, sai da na wuce Okene ya fara."

"Madalla. Ka ji, Alhaji? Ciwo biyu ne, ba ɗaya ba. Hau titi."

A kan titi ya sa shi ya ƙara gudu sannu a hankali har sitiyari ya fara rawa, ya ce ya riƙe nan. Ya sa ya cire giya motar ta gangara da kanta, rawar ba ta daina ba, ya ce to ba inji ba ne. Ya sa ya taɓa birki, rawar ba ta ƙaru ba, ya ce ba birki ba ne. Ya lumshe ido ya gyara zaman ƙafafunsa, can ya ce, "Baya lafiya. Gaba ne, hagu. Mu koma."

Da muka dawo ya fara da gejin auna iskar taya. Iskar tayoyin huɗu ta haura abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, haurawa mai yawa. Ya durƙusa gaban tayar hagu ya nuna mini wani ɗan wuri mai tsabta a bakin ƙarfen, ya ce nan ɗan dalmar da ke daidaita nauyin taya yake, dukan hanya ya fizge shi, shi ne rawar sitiyari. Sannan ya sa jak ya ɗaga gaban motar, ya cire taya, ya zura hannu a cikin sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota. Ya yi ta ja har ya fito da wani dunƙulen roba mai tauri, ruwan ɗorawa. Ya ciro na biyu. Ya zagaya ɗaya gefen ya ciro biyu. Ya jera su huɗu a kan buhu kusa da sufanunsa.

Ya ce a kamfani ake cusa su, don kada mota ta yi ta tsalle a cikin jirgi in teku ta motsa. Iskar ma da gangan ake cika ta, don kada taya ta kwanta in an daɗe a tsaye. Aikin dillali ne ya cire robar ya rage iskar kafin ya miƙa makulli. Motar da ke da wannan a ƙafarta ba ta da bambanci da amalanke. Ya miƙa hannu ya ciro jan katin nan da ke madubi, wanda na yi ta nuna wa maƙwabta, ya juya bayansa. Zanen sifirin ne da robar a ciki, da kibiya tana nuna a cire.

Ya kira ni in sunkuya in duba notunan shokozoba. Kowanne da ɗigon fenti da aka ja daga kan noti zuwa jikin ƙarfe. "In sufana ta taɓa noti, fentin nan sai ya rabu. Duba da kyau, Alhaji, da idonka. Ko ɗaya ya rabu?"

Ko ɗaya bai rabu ba.

"Abin da ban gane ba," in ji shi, yana goge hannu da tsumma, "me ya hana dillalin cirewa? Ba su cika mantawa ba."

Zacharias yana tsaye a gaban dillalin lokacin da na yi wayar nan, ya ji komai. Na dube shi, sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, bai tona ni ba. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba, kafin nan ko bayan nan. Da bakina na faɗa wa Ɗangoggo abin da na ce a waya. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga gefen bakinsa ya motsa. Madam Catherine ce ta yi mana dariyar gaba ɗaya daga rumfarta.

Aka rage iska, aka kai tayar wurin masu daidaitawa aka maƙala sabuwar dalma, muka sake zagayawa. Motar ta zama wata daban, tana bin ramuka kamar tana ba su haƙuri. Na juya zan fara ba Zacharias haƙuri a nan cikin mota, sai Ɗangoggo ya dafa kafaɗata ya ce in fito mu yi magana. Ya ja ni bayan rumfa.

"Alhaji, mota ta warke, saura mutumin. A ina ka ce masa ɓarawo?"

"A ƙofar gidana."

"Mutum nawa suka ji?"

Na faɗa masa.

"To can za ka je ka janye. Nan ba wanda ya ji ka faɗa, haƙurin nan ba zai amfane shi da komai ba." Ya zuba robobin huɗu a leda ya miƙo mini. "Tafi da su, za su taya ka bayani."

Kai ne, Ɗangoggo, ka san cewa mota ba ta zuwa gareji ita kaɗai, da rigimar gidansu take zuwa. Kai ne ka ƙi sayar mini da shokozoba huɗu da garejin farko ya ce a canza, ka ƙi ba ni shaidar da na zo nema, ka aike ni inda ba na son zuwa. Likitan ƙafar mota, mai jin abin da kwamfuta ba ta ji. Da ka bi son raina ranar nan, da na rabu da kai ina yabonka, da kuma wani bawan Allah ya kwana a ofishin 'yan sanda a kan robar da ni na hana a cire.

Bayan la'asar na tara majalisar ƙofar gida, har waɗanda suka san wuraren kwance kaya a hanyar Legas. Na zazzage robobin a kan tabarma, na faɗi abin da na yi, na ce Zacharias bai taɓa ko noti ɗaya ba, na roƙe shi gafara. Ya ce, "Oga, ni na yafe. Amma Helen kwana uku bai je kasuwa ba. Shi ne ya kamata ka gaya ma." Washegari na je kasuwar Kurudu da babbar rigata, na tsaya a gaban rumfar doya na maimaita, mata suna leƙowa daga kowace kusurwa. Daga ranar Helen ta dawo kasuwa.

Zacharias ya ƙara shekara tara yana tuƙa ni, har na yi ritaya. Ya yafe da gaske, ban taɓa ganin canji a aikinsa ba. Amma a da yakan shigo falo ya zauna mu ci abinci in mun dawo daga tafiya, tun daga ranar bai ƙara wuce baranda ba. Wannan ba gyaran Ɗangoggo ba ne, kuma ni ma ban iya gyara shi ba.

Yanzu Apo ta cika ta batse, gonar masarar bayan gidana ta zama benaye, motar ma na sayar da ita tuni. Matasan makanikai kowa da na'urarsa, kuma ba na raina na'ura. Roƙona gare su shi ne kafin dattijon nan ya tafi Karshi su je su zauna a bencinsa su ga yadda ake tambaya kafin a kwance noti. Mu kuma masu motoci da masu ofisoshi, in abu ya lalace, mu fara tambayar wanda ya fi mu daɗewa a cikinsa kafin mu nemi wanda za mu ɗora wa. Malam Ɗangoggo, mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa albarka a gonar, ya saka maka da alherin da ka yi wa mutanen da ba su ma san ka yi musu ba.

Makon jiya na je gidan Zacharias na gaya masa zan yi rubutu a kan Ɗangoggo, na tambaye shi ko yana da abin da zai ce. Ya tsufa, gashinsa ya yi fari fat. Ya ce in gaishe da Baba, in ce masa yana sa shi a addu'a. Na miƙe zan tafi, har na kai ƙofa ya kira ni.

"Oga, tunda a jarida ne. Wasu da suka ji magana na farko sun tashi daga Kurudu kafin ka gyara, har yau ba su ji na biyu ba. Ka sa a ciki, jikoki na su karanta."

Ga shi na sa. Zacharias, mijin Helen, direban da ya kawo mota daga Legas zuwa Kurudu a shekarar 2007, bai saci komai ba.